Ƙarshen da Isogai Bai Zana Ba

Alhamis, 26 ga Satumba, da hantsi

Yau shekara sittin cif da guguwar da ta kwaso gumaguman katako daga bakin teku ta watso su cikin unguwarmu. Mu tsofaffin kudancin Nagoya da ita muke ƙirga komai: wane an haife shi kafin ruwa, wance ta yi aure bayan ruwa. Ina da ashirin da biyu a lokacin. Ɗazu na je na ajiye fure a gindin dutsen da aka rubuta sunayen waɗanda ruwan ya ci. Mu bakwai ne. Bara mun fi haka.

Likita ne ya ce in riƙa rubutu kullum, in sa rana da lokaci. Don gwiwata na je wurinsa, 'yata Michiyo ta kai ni. Bai ko taɓa gwiwar ba. Wai in riƙe masa abu uku: fure, kyanwa, jirgin ƙasa. Ya ɗauke ni da wata hira, can ya ce in maido masa kayansa. Ni Tomekichi, da nake yawo da labari kashi talatin da biyu a kaina, ni ake ba ajiyar kyanwa.

Abin da ya biyo baya ba na rubutawa ba ne.

Haruffan yara kawai na iya, don aji biyu na yi wutar yaƙi ta cinye makarantar da gidanmu. Wanda ya tsinci littafin nan ya yi dariyarsa ya ajiye.

Juma'a, 27, da yamma

Wata yarinya ta zo daga ƙaramin gidan tarihin zane na bakin kogi, Kanae Uchimura. Wai manga, wato labaran zane, ta karanta a jami'a. Ashe har karatunsa ake yi yanzu. Suna shirya baje kolin abubuwan da aka manta, waɗanda suka riga littattafan manga da katun na talabijin, kuma an gaya mata ni kaɗai na rage a nan cikin masu wasan kwali a kan keke, masu nuna wa yara zane suna ba su labari.

Na jawo mata akwatunan daga ƙarƙashin bene. *'Yar Mai Gadin Hasumiya*, zanen Maigida Isogai, kowane kwali da hannu aka yi shi, babu na biyunsa a duniya. Ga yarinyar, Osen. Ga karenta mai ƙafa uku. Ga Mai Baƙar Laima da ya sace mata ƙane ya shiga jirgin ruwa da shi.

"Baba, dubi yadda ya yanke fuskar nan rabi! Dubi ruwan saman nan! Ai wannan mutumin ya riga zamaninsa. Me ya sa ba wanda ya san sunansa?"

"Yara ne suka gani. Su kuma sun girma."

Ta ƙirga ƙunshi talatin da ɗaya, kowanne kwali goma. Ta ce ina ƙarshen? Na nuna mata goshina. Ranar Laraba kafin ruwa, a gidan wanka, ina cuɗa wa Maigida baya, ya ce, Tome, ga yadda zan rufe shi. Ya zayyana mini kashi na talatin da biyu tun daga kwali na ɗaya har na goma, sannan ya ce kada ya fita daga bakina kafin ranarsa. Asabar ruwa ya tafi da shi, da matarsa, da fentinsa. Kwalayen sun tsira don suna saman bene, man sheƙin da ake shafa musu kuma ya hana su ruɓewa. Yaran unguwa suka watse, talabijin ya shigo, ni na shiga aikin walda. Ranarsa ba ta taɓa zuwa ba.

"To mu ɗauka duka a na'ura, Baba. Kwana biyu kacal. Ɗaki mai sanyi, ga shayi, ga kujera."

"Yarinya, ke shinkafar wata guda a zama ɗaya kike ci?"

Na gaya mata yadda ake yi. Kashi ɗaya a rana, ƙarfe huɗu, a filin wurin bauta. A buga katako yara su taru. Wanda ya sayi alewa ya tsaya gaba, wanda bai saya ba ya ja baya. A tsaya daidai inda rai ya fi tashi, a ce sai gobe. Na talatin da biyu, sai rana ta talatin da biyu.

"Baba, idan kuma..." Sai ta haɗiye sauran.

"Idan me?"

"Idan an yi ruwan sama."

Ba ruwan sama take nufi ba. Michiyo ta riga ta yi magana da ita, na gani a idonta.

Ta tafi da ƙunshi na huɗu zuwa sama, za ta ɗauki hotonsu ta sa musu riga ta leda. Uku na farko na hana.

Asabar, 28, da sassafe

Ƙarshen yana nan. Kullum kafin in buɗe ido nake duba shi, ɗaya zuwa goma, yadda mutum yake shafa aljihu a cikin jirgi. Yana nan.

Lahadi, 29, da rana

Na je shagon Shizue sayen alewa mai danƙo da biskit ɗin shinkafa. Tana zaune bayan tulunan gilashi da sandarta, ƙugu ya hana ta fita. Tana 'yar shekara goma ba ta taɓa sayen alewata ko sau ɗaya ba, kullum tana kan bishiya tana kallon kyauta. Yau ita ke sayar mini.

"Kawu mai keke! An ce za ka hau wannan ƙarfen. Ka bar wasiyya?"

"Mai majina, auna mini alewa ki rufe baki."

"Shekara sittin ina jiran in ji ko Osen ta samu ƙanenta. Na yi aure, na binne miji, haƙorana sun zube. Faɗa mini yanzu in ƙara maka biskit."

"Rana ta talatin da biyu."

"In mun kai."

Ta yi dariya har da tari. Ni ban yi ba.

A hanyar dawowa na bi ta wata hanya mai tsawo. Ba laifi mutum ya ga gari.

Litinin, 30, bayan wasa

Kashi na ɗaya. Na buga katako, ƙarar ta doki bangon wurin bauta ta dawo mini kamar da. Yara goma sha ɗaya, iyaye mata huɗu, Kanae da na'urarta a kan ƙafa uku. Da farko kowa na kallon wayarsa. Da na yi muryar Mai Baƙar Laima, wata ƙarama ta ɓuya bayan siket ɗin uwarta. Da na rufe akwatin da nake nuna kwalayen a ciki na ce sai gobe, suka yi ihu: "Haba Kaka! Saura kaɗan!"

Ko tuntuɓe ɗaya ban yi ba. A gaya wa likita da kyanwarsa.

Laraba, 2 ga Oktoba, da almuru

Na biyu da na uku lafiya. Yara sha tara.

Michiyo ta zo da sabuwar buta mai kashe kanta. Ba ta tambayi inda tsohuwar take ba, amma ta daɗe tana kallon baƙin da ke bangon kicin. Ta manna takardu a jikin aljihunan tebur: cokula, magani, safa. A gidana. Na bari ta tafi na ciccire. Na bar ta magani.

Alhamis, 3, da almuru

Kanae ta dawo da kwalayen, kowanne cikin ledarsa, da lamba a kusurwa, tsaf-tsaf. Na zura ƙunshi na huɗu a akwati kamar kullum. Ni a bayan akwati nake tsayawa, fuskokin yara nake kallo, ba zanen ba. Hannu ya san lokacin zare kwali.

Na fara: gari ya waye a kan hasumiya, tsuntsayen teku na shawagi. Sai dariya.

"Kaka, wane tsuntsu? Ai wuta ce ke ci!"

Na leƙa. Jirgi ne yana cin wuta. Na zare, na ci gaba, na ce ga kare ya shinshino takalmin yaron. Suka ce babu kare, hasumiya ce. Haka har goma. Duk abin da na faɗa, ba shi ne a gabansu ba. Yara sun ɗauka wasa ne, suna ta riƙe ciki. Iyayen ba su yi dariya ba. Kanae ta sunkuyar da kai tana gyara abin da bai lalace ba a jikin na'ura.

Gajiya ce.

Juma'a, 4, da sassafe

Ƙarshen yana nan. Na duba sau uku.

Juma'a, da almuru

Na biyar. Haka.

Da na dawo na shimfiɗa su a tabarma bi da bi, yadda lambobin suka ce. Ɗaya, biyu, uku. Lamba dai na iya karantawa. Kwalin da aka sa wa ɗaya, ni a kaina ba nan yake zaune ba. Amma yarinyar ta yi jami'a, ta bi rubutun da Maigida ya yi a bayan kowanne. Ni ban taɓa iya karanta wannan rubutun ba, haruffan manya ne masu wuya, kuma a guje ya yi su. Da kunne na koya, daga bakinsa.

Takarda ba ta tsufa irin tsufan mutum. In ni da takarda muka saɓa, wa za a gaskata?

Rubutun ya karkace. Sanyi ne ya fara shigowa.

Asabar, 5, da almuru

Na shida. A kwali na huɗu na tsaya. Wata uwa ta ce wa 'yarta a hankali, "Kada ki yi dariya, Kaka ba shi da lafiya." A hankali ta faɗa, amma kunnena bai mutu ba. Na rufe akwati ban ce sai gobe ba. Tunda na fara sana'ar nan ina ɗan sha shida ban taɓa rufewa ban faɗa ba.

Kanae ta biyo ni tana tura mini keke.

"Baba, ba komai. Za mu iya gyarawa a na'ura, mu daidaita murya da hoto."

"Ki daidaita ni?"

"Ba haka nake nufi ba."

"Sakar mini keke."

Lahadi, 6, da hantsi

Ban fita ba.

Litinin, 7, ƙarfe huɗu

Ƙarfe huɗu ne yanzu. Ina jin su daga nan, sun taru, wasu na kwaikwayon bugun katako da baki. Na ja labule.

In na huɗu da na biyar da na shida sun juye a kaina ban sani ba, ta yaya zan san na talatin da biyu bai juye ba? Shi ba shi da kwali. Babu yaron da zai ce, Kaka, ba haka ba ne. Zan iya duba shi kullum in ga yana nan, alhali wani abu ne daban ya zauna a wurinsa sanye da kayansa.

Na sa wa hoton marigayiya matata shinkafa, kamar yadda aka saba. Na tarar da wata a wurin, da ɗumi.

Talata, 8, da rana

Wani ya yi ta dukan ƙofa da sanda kamar gobara. Shizue ce, ta turo keken tsofaffi tun daga shagonta, tana haki.

"Buɗe, matsoraci! Alewata na can na bushewa, an ce ka ajiye aiki."

"Koma gida, mai majina."

"Da wannan ƙugun? Sai ka goya ni. Ɗauko akwatin ka yi mini na huɗu a nan, in ga haukan da ake faɗa da idona."

Ba a musu da Shizue. Na ɗora akwati a kan matakalar ƙofa, ta zauna kan kekenta, na buɗe. Ko baki ban buɗe ba ta daka tsawa.

"Kai! Wa ya sa wutar a gaba?"

"Lamba ɗaya ke nan."

"Lambar uwar wa? Wannan jirgin mai wuta shi ne na ƙarshe! A kansa ka rufe ka ce sai gobe, na sauko daga bishiya ina kuka, na kwana ban ci abinci ba, uwata ta zane ni. Ni za a gaya wa inda wutar nan take?"

Na zauna a ƙasa. Gwiwar ce.

Ta karɓi kwalin ta juya, ta sa tabarau, ta karanta: gari ya waye a kan hasumiya. A bayan hoton wuta. Sai abin ya faɗo mini, abin da kowane mai wasan kwali ya sani tun ranarsa ta farko. Mai faɗa a baya yake, bayan kwalin da ke can ƙarshen tari yake gani. Don haka maganar hoto na ɗaya a bayan na goma ake rubuta ta. In ka zare na ɗaya ka mayar baya, bayansa na ɗauke da maganar na biyu. Haka har ƙarshe. Ni da ba na karantawa, ban taɓa damuwa da shi ba. Yarinyar kuwa ta taso da manga, inda magana da zane ke zaune a shafi ɗaya. Ta ga an rubuta farko a baya, ta ɗauka gabansa ne farko. Duk ƙunshi ashirin da takwas ta kawo na ƙarshe gaba.

"Kai ma dai," in ji Shizue. "Shekara nawa kana wannan abu, 'yar leda da lamba ta kore ka daga fili?"

"Na ɗauka..."

"Na san abin da ka ɗauka. Tashi ka ɗora mini shayi. Kuma share fuskarka, maƙwabta na kallo."

Laraba, 9, da yamma

Kanae ta zo ta durƙusa a bakin ƙofa, goshinta a ƙasa, ta ƙi ɗagowa.

"Baba, na kusa kashe ka da raina. Ina kallonka kana faɗar daidai, ni ina jin tausayinka."

"Tausayin ne ya fi ciwo. Tashi, kina tare mini hanya."

Mun zauna mun jera su duka da hannuna, tana cire lambobi tana kuka tana dariya. Na sa ta rubuta a takardar baje kolinsu yadda ake rubuta bayan kwali, don kada wani mai jami'a ya sake. Na buga wa Michiyo waya na ba ta labari tun daga farko. Ta ce, "Na ji daɗi, Baba." Ta ce, "Ka riga ka kira ni ɗazu ka faɗa mini."

To, labari mai daɗi ai ana maimaita shi.

Alhamis, 10, bayan wasa

Na sake na huɗu daga farko, don abin da suka gani ba shi ba ne. Yara ashirin da shida. Shizue a gaba kan kekenta, ta sayi alewarta da kanta daga hannuna tana cewa na yi tsada. Wuta ta zo a inda take zuwa. Wata yarinya ta ce, "Kaka ya warke!" Na ce ban taɓa ciwo ba.

Asabar, 12, da rana

Guguwa. Rediyo na ta kiran sunayen garuruwa. Na hau da akwatunan sama, ɗaya bayan ɗaya, sau tara. Iskar tana irin wannan kukan. Ba zan rubuta komai a kan wannan ba.

Lahadi, 13, da hantsi

Ta bi ta gabas da mu. An ce can ta yi ɓarna. Ƙarshen yana nan.

Talata, 15, da almuru

Na takwas yau. Ni na jera kwalayen da hannuna. Na duba kafin in fita, na sake dubawa a fili.

A kwali na shida, inda Osen take kiran karenta daga bakin dutse, na buɗe baki in kira shi. Babu. Ba wai ya maƙale a harshe ba ne, irin wanda kake jin ƙurarsa. Wuri ne fari fes, kamar ɗakin da aka kwashe kaya aka share. Ina ganin karen, ƙafa uku, kunne ɗaya a karye. Na kira shi sau dubu nawa a rayuwata?

Ban san tsawon tsayuwar da na yi ba.

Sai Shizue ta ɗaga sanda: "Bunta! Gudu, Bunta! Kai tsoho, kira shi mana, kana ja mana rai!"

Yara suka ɗauka: Bunta! Bunta! Na kama daga nan na kai ƙarshe. Kowa ya ɗauka salo ne. Kanae ma ta ce wannan wurin ya yi kyau ƙwarai.

Ban da Shizue. Ba ta zage ni ba ko sau ɗaya har muka rabu. Wannan ne ya fi ba ni tsoro.

Laraba, 16, da almuru

Na tara. Sau biyu kalma ta ɓace mini. Shizue ta jefo mini duka biyun.

Kwalayen daidai suke.

Alhamis, 17, da sassafe

Ɗaya yana nan. Biyu, uku, huɗu, biyar, shida suna nan. Takwas, tara, goma suna nan.

Zan sake dubawa in na sha shayi.

Alhamis, da hantsi

A na shida Osen tana gaban ƙofar ƙarfe a cikin jirgi. A na takwas tana ciki. Wani ya buɗe mata. Na san Maigida ya juyo a wurin nan, da kumfar sabulu a kafaɗarsa, ya ce, Tome, nan ne za su yi kuka. Ina jin muryarsa yana faɗar haka. Ina jin ƙamshin sabulun. Abin da ya faɗa kafin nan ne babu.

Na zagaya ɗakin. Na je gidan wankan, na tarar wurin ajiye motoci ne, na daɗe da sanin haka. Na tsaya a wurin duk da haka.

Daga yau zuwa ranarsa saura kwana ashirin da biyu.

Alhamis, bayan wasa

Na goma ya wuce, da taimako. Da yara suka watse Shizue ta ƙi tafiya. Ta sa Kanae ta je ta sayo mata ruwa, don mu rage mu biyu.

"Kawu."

"Mene ne?"

"Ɗaya zuwa talatin da ɗaya, ina da rabinsu a kaina, sauran suna bayan kwali, yarinyar nan za ta karanta. Ko ka faɗi a nan yau, ba su ɓata ba. Na talatin da biyu fa? In ka tsaya a tsakiyarsa, wa zai jefo maka?"

Na ce mata iska ta fara sanyi, ta tafi gida.

"Kada ka mai da ni yarinya. Ya fara taɓuwa, ko?"

Ina ɗaure akwati da igiya, igiyar ta ƙi ɗauruwa.

"Nawa?"

"Ɗaya."

"Wanne?"

"Na bakwai."

Ta daɗe tana kallon bishiyar da take hawa, wadda yanzu an kewaye ta da ƙarfe. Ta ce, "To ƙirƙiro wani mana. Ka fi kowa sanin labarin. Wa zai gane?"

"Ni."

"Kai ɗin da..." Ta kama bakinta.

"Faɗi. Ni ɗin da zan manta na ƙirƙira. Shi ya sa. In na cusa nawa yau, jibi zan rantse na Maigida ne, a rubuta a bango da sunansa. Mutumin nan ba a taɓa rubuta sunansa a ko'ina ba sai a dutsen matattu. Ba zan sa a fara da ƙarya ba."

"To ka faɗi taran da suka rage tun suna tara."

"Kafin ranarsa?"

"Tomekichi." Ba ta taɓa kiran sunana ba tun da take. "Ni ban damu da doka ba, ka sani, a bishiya na girma. Amma wanda ya ce ka jira ranarsa, ya ɗauka mako ɗaya ne. Shi ma bai san Asabar na zuwa ba."

Kanae ta dawo da ruwa. Shizue ta karɓa ta ce ya yi sanyi da yawa, wai so ake a kashe ta.

Juma'a, 18, da sassafe

Tara. Har yanzu tara. Na tara ɗin ya ɗan yi duhu a gefe, ko kuwa tsoro ne ke sa ni ganin haka.

Juma'a, da almuru

Na sha ɗaya ya wuce. Da na rufe na ce sai gobe, na ji kalmar a bakina kamar alkawarin da ba ni da ikon yi.

Na gwada rubuta shi a nan, don in huta. Na yi layi biyu na soke. Haruffana ba za su ɗauke shi ba. Ba a rubuce aka ba ni ba, akwai inda murya ke sauka, akwai inda ake jan kwali a hankali rabi a tsaya. Sai da baki.

Maigida, ka ce kada ya fita kafin ranarsa. Na riƙe. Na riƙe ina walda, na riƙe ranar aurena, na riƙe da matata tana roƙona a gadon asibiti wai ta ji kafin ta tafi, na ce mata ba a yi. Wannan na daɗe ina jin nauyinsa. Yanzu ga shi abin da na hana kowa wani na ɗiba ba da izinina ba, kwali ɗaya-ɗaya, kuma ba ya jiran ƙarfe huɗu.

In ka ji haushi, ka ji. Ka cuɗa bayanka da kanka.

Na kira Kanae na ce ta zo da na'urarta gida. Ta fara tambaya, na ce ba tambaya. Na kira Shizue, ta ce, "Sai da ka gama taurin kan?" sannan na ji tana jan hanci, ta ce mura ce. Na kira Michiyo ma. Ta ce za ta kamo jirgin ƙasa na farko. Na tambaye ta ko na riga na kira. Ta ce a'a, Baba, wannan ne na farko.

Yara za su ci gaba da samun nasu ɗaya a rana, iya inda na kai. Wannan ban saki ba.

Na rubuta a babbar takarda na manna a jikin ƙofar ɗakina, daidai inda ido zai faɗa in na farka: YAU ZA KA FAƊA. KAI KA YARDA. KADA KA YI MUSU.

Gobe da safe zan yi aski, in sa rigar sana'a, in ɗora akwati a kan tebur ba kwali a ciki. Ƙarfe tara zan buga katako. Zan faɗi na talatin da biyu tun daga ɗaya, duk abin da na tarar ya kwana. In na zo na bakwai zan ce, nan ne Maigida Isogai ya ce za ku yi kuka, ni na yar da shi a hanya. Zan yi shiru daidai tsawon kwali ɗaya, sannan in wuce na takwas.